Turmin Masama a Talabijin

Kalgo, 3 ga Nuwamba, 1997

Ƙanwata Huseina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya mutanen gida? Ina rubuto miki cike da murna. Maigidana, mai shagon gyaran rediyo, ya kawo gem daga Legas. A talabijin ake haɗa shi, ka danna maɓalli, mutum ya yi tsalle ya kai naushi! Kwana uku ko tuwo ba na jin daɗinsa.

Sai dai duk 'yan faɗan baƙi ne. Ina namu? Na sayi littafi ina zana gem ɗin kokawa: fili bayan girbi, 'yan kallo, ƙato daga Maruda, wani daga Dangoma, gwarzon ƙarshe kuma Babanmu, Ɗahiru Turmin Masama. Akwai adireshin kamfanin a bayan kwali, can zan aika.

Ga littafin zanen nan. Ki yi mini dabara ki ji yadda Baba yake taɗiyarsa. Kada ki ce ni na aiko. Kin san tun da na bar masa gona ana tsakar girbi bai sake amsa gaisuwata ba, shekara biyu ke nan, kuma abin yana cina.

Yayanki,
Basharu

Gwandu, 10 ga Nuwamba

Yaya Basharu,

Gaisuwa da fatan alheri. Dabara ta ƙare tun ba a fara ba. Yaushe na taɓa tambayar taɗiya, ni da ko kaza ban iya kamawa? Baba ya dube ni ya ce, "Wa ya aiko ki?" Sai na miƙa masa littafin.

Ya daɗe yana kallo. Can ya nuna layin da ka ja a saman kowane ɗan wasa, ya ce mene ne. Na karanta masa abin da ka rubuta: ƙarfi ne, in an kayar da mutum ya ragu, sai ya tashi a ci gaba har sau uku.

Ya ce, "Sau uku? Wanga yaro gidan wa ya tashi? Ko gwiwa ta taɓa ƙasa an gama!" Ya kuma yi ƙorafi wai ka yi masa tumbi a zanen, kuma kokawa ba makaɗi ai dambarwar kasuwa ce.

Ya hana ni littafin. Ka yi haƙuri.

Taka,
Huseina

Kalgo, 14 ga Nuwamba

Huseina,

Ina gaisuwa. Ya kalla? Da idonsa? Wallahi na yi tsalle har na ture rediyon mutane! Gaskiyarsa, faɗuwa ɗaya ce, ai ya fi ma daɗi. Na sa makaɗi, in ya yi maka kirari ƙarfinka ya ƙaru. Tumbin ma na rage.

Ga sabon shafin ƙarshe: Baba tsaye kan wanda ya kayar, ya ɗaga hannu sama, kamar yadda suke yi a gem ɗin Legas. Ki nuna masa. In ya yaga, kada ki faɗa mini.

Basharu

Gwandu, 20 ga Nuwamba

Yaya,

Bai yaga ba. Jiya ya fito da tsohon warkinsa, ya rungumi buhun gero yana nuna mini taɗiya, har Inna ta yi dariya da hawaye. Yanzu yana zaune kusa da ni, ya ce in rubuta yadda ya faɗa:

"Basharu, shahin ƙarshen ga ƙarya ne. Shekara ashirin ina kokowa, ban taɓa tsayawa bisa wanda ya faɗi ba. Hannu nike ba shi in tashe shi, in kakkaɓe mai baya. Ka gyara. Taɗiya kuwa ba ta shiga ambulan. Ran Juma'a akwai wasa Masama. Ka taho da hensirinka, mu tahi tare."

Na tambaye shi ko in ƙara wani abu. Ya ce in ce yana amsa gaisuwa.

Taka,
Huseina