Majiyyaci na Goma Sha Bakwai

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da Inna da yara. Ga kundin digirina na uku na aiko. Don Allah ka buga mini kwafi biyar a shagonka, ka sa baƙin bango mai ƙwari. Kada ka ce sai ka karanta, kanka ne zai yi ciwo a banza! A taƙaice dai, na gano wani ɗan mitsitsin abu a jini, maikro-RNA, da ke ƙaruwa watanni kafin maganin sankarar jini ya daina aiki. Shekara biyar ya ci mini.

A gaida kowa.
Auta

Auta,

Wa alaikumus salam. Kowa lafiya. Kin manta ba na buga abin da ban duba ba.

Akwai wani jadawali a tsakiyar kundin. Majiyyaci na 17: namiji, shekara sittin da takwas, ya fara magani ran uku ga Maris. Ni na kai Baba asibiti ran nan, Allah ya jiƙansa. Jadawalin ya ce abin nan naki ya haura a jininsa tun Yuni. Likita bai gane maganin ya daina ci ba sai Oktoba, lokacin ƙafafunsa sun daina ɗaukarsa.

Wata huɗu kina zuwa gida, kina miƙa masa ƙwayoyin da hannunki, kina ce mana da sauƙi. Tun da na gani raina yake a ɓace. Kin sani ko ba ki sani ba?

Yayanki

Yaya,

Bayan gaisuwa. Na sani.

Lamba ake sa wa kwalaben jini don kada mu san masu su. Amma ran da aka ɗebi nasa ina tsaye, na ga lambar. Da sakamakon ya fito, da gudu na je ofishin Farfesan da ke duba aikina. Ya ce babu likitan da zai canza magani saboda gwajin ɗaliba, kuma in kwamitin jami'a ya ji na san kwalbar mahaifina, za a soke aikin gaba ɗaya.

Wataƙila gaskiya ya faɗa game da likitan. Ban gwada ba. Tsoron a soke aikin ne ya rufe mini baki, ba zan yi maka ƙarya ba. Ka yafe mini, Yaya. Kada Inna ta ji.

Ƙanwarka mai neman afuwa,
Auta

Auta,

Na gama, kwafi biyar, gobe direba zai kawo miki. Inna ba za ta ji daga bakina ba, amma ba don ke ba.

Shafin farko, inda kika rubuta kin sadaukar da aikin ga Baba, ban buga shi ba. In kina so, ki kai wani shago.

Ki huta lafiya.