Kwalbar da Miji Ke Kaiwa Ɗakin Magani

Zuwa ga Mai Girma shugaban ɗakunan magani na ƙasarmu,

Gaisuwa da ban girma, ranka ya daɗe. Ni manomi ne a Badafi, a ajin yaƙi da jahilci na koyi boko, kuma da ɗacin rai nake wannan rubutu. Da kakar bara na binne 'yata ta fari da cikinta. Yanzu ga ƙanwarta Hajara da ciki wata bakwai, ƙafafunta sun fara hawa.

Na farko, ɗakin maganin da ke kusa da mu babu ma'aikaciya mace. Matan aurenmu kuwa ba sa zuwa gaban namiji, sai miji ya ɗauki kwalba ya je ya faɗi ciwon matarsa. Haka surukina ya yi lokacin da marigayiya ta kumbura har fuska, fitsari ya ɗauke mata. Cikin fari ne, ga jama'a tsaye suna ji. Da wane baki yaro zai ambaci ciki, balle fitsari? Ya ce ciwon kai ne da kumburi. Malamin asibiti bai ƙara masa tambaya ko ɗaya ba, ya cika masa kwalba da maganin wankin ciki.

Na biyu, da jijjiga ta kama ta, a gadon kara muka ɗauke ta zuwa Ƙafin Maiyaki, muka zauna jiran motar gyaɗa. A birni likita ya buɗa fatar idonta, fari fat, babu jini. Ɗan fitsarin da aka samu ya dafa shi a siririyar kwalba bisa fitila, ina kallo ya daskare kamar farin ƙwai. Ya ce ƙoda ta riga ta tsaya, da an gani da wuri da akwai dabara. Ashe gwajin duka fitila ce da kwalba. Wannan ya fi komai ci mini rai.

An ce mini kwananta ne ya ƙare. Na yarda, amma ba a hana mu neman magani ba.

Ina roƙo a aiko mana ungozoma mai horo, wadda za ta shiga gidaje da kayan gwajin nan. A kuma umarci malamin asibiti ya riƙa jan miji gefe yana tambayarsa ko matar na da ciki. A taimaka kafin ruwa ya sauka, rafi ya raba mu da hanyar mota. Hajara a gabanta aka fita da yayarta, yanzu ko abinci ba ta ci, kullum tana tambayar uwarta ko ita ma tafiya za ta yi. 

Allah ya ja zamaninka, ya sauki matan gidanka lafiya.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Uban Hajara, Badafi