Inna Ta Karɓe Kwanon Mardiyya Daga Hannuna

Anti Fauziyya, don Allah ki taimake ni, ba ni da wanda zan iya faɗa wa wannan baki da baki.

Shekaruna goma sha takwas, na gama sakandare a Anka, kuma jami'a ta ba ni gurbin karatun digiri a fannin aikin jin daɗin jama'a. Saura sati shida a rufe rajista, amma ko murna na kasa yi.

Mu mutanen Sunke ne. Lokacin da ake niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje ina 'yar shekara shida, ni ke goyon ƙanwata Mardiyya. In na gaji sai in sauke ta kusa da wurin niƙan in tafi wasa, tana rarrafe tana cin ƙasa. Gubar dalma ta taɓa mata ƙwaƙwalwa. Yau shekarunta goma sha uku, ba ta magana, kuma ba ta cin abinci sai daga hannuna. Saboda ita na yi makarantar jeka-ka-dawo da muka koma Anka.

Cikin masu maganin da suka zo akwai wata Malama Hidaya. Ba ta allura, zama take yi a tabarma da matan da suka rasa 'ya'ya, tana saurare. Tun ranar nake son aikinta, ko da yake ni ko a aji muryata rawa take yi.

Ni ce ɗiyar fari, Inna ba ta kiran sunana, ba ma hira. Ba ta taɓa cewa laifina ne ba, ba ta kuma taɓa cewa ba laifina ba ne. Da takardar jami'ar ta zo, Baba ya ce Allah ya sa albarka. Washegari Inna ta karɓe kwanon Mardiyya daga hannuna, ta zauna tana ba ta da kanta. Yarinyar ta ture, ta yi kuka, rabin kunun ya zube. Kwana tara ke nan kullum haka, in na matso sai Inna ta juya mini baya. Ina jin ta gane zan gudu in bar wadda na nakasa. Mardiyya har ta rame. In haƙura da karatun?

Taki,
Yayar Mardiyya, Anka

Ɗiyata,

Yarinya 'yar shekara shida ba ta nakasa kowa ba. Manya ma ba su san akwai guba a ƙurar nan ba, balle ke. Ki ajiye wannan kayan, ba naki ba ne.

Sake karanta wasiƙarki. Inna ta karɓi kwanon ne washegarin zuwan takarda. Uwar da take son ki zauna, bar miki kwanon za ta yi. A ganina koyo take, cikin sati shidan da suka rage, kuma tana juya baya ne don kada ki ga tana kasawa ki fasa. Ban san zuciyarta ba, don haka kada mu tsaya kan zato: ki sami goggonki ko kakarki ta tambaye ta, kunyar ɗiyar fari ba ta hana aike.

Damuwarki kan Mardiyya kuwa gaskiya ce. Za ta yi kewarki, ramar kuma ba abin wasa ba ce, a kai ta asibiti a duba. Canjin ya yi mata sauri. Ku zauna ku uku, kwano ɗaya: ke loma biyu, Inna ɗaya, a hankali ki janye. Ko ba jami'a, ba daidai ba ne cin abincinta ya rataya a hannun mutum guda.

Karatun shekara huɗu ne, akwai fita cikin jama'a, za a sa ki magana ko muryarki na rawa. Saurare kuwa kin riga kin iya, wajen wadda ba ta taɓa furta kalma ba. Sai dai kada ki tafi don biyan laifi, ki tafi don kina son aikin.

Ki yi rajista. Gobe da safe ki dama kunun yadda Mardiyya take so, ki miƙa wa Inna kwanon da hannunki, ki zauna kusa da ita.

Allah ya ba Mardiyya sauƙi, ya sanyaya zuciyar Inna, ke kuma ya buɗa miki.

Anti Fauziyya