Sunana a Jikin Kwalba

Asabar da dare, Oktoba 2007

Yau kamfanin giyar inabi na tsoho Walter ya cika shekara goma, na je bikin. Ya tashi ya ba da tarihi: kakansa taba ya noma, shi ma haka, har kasuwarta ta mutu. Yanzu duk yankin inabi ne. Sai ya nuna ni, ya ce ni na gwada ƙasar na ce inabi zai yi. Aka yi ta tafi, ni kuwa ina riƙe da kofin ruwa.

Ashe sabuwar giyarsu sunana suka sa mata, Rabi. Girmamawa ce wai. Shagunan garin Wendover za a kai ta, inda 'yan masallacinmu ke aikin jera kaya.

Na gaya wa Mama. Ta ce, "Duk bokon naki, kin ɗauka kunu za su dama da inabin?"

Ƙasa aka tambaye ni, Mama, na faɗi gaskiya.

Da Walter ya miƙo min kwalbar, hawaye yake yi. Gobe zan kira shi in ce ya cire sunan. Ko jibi.