Tsakanin Gado da Gada

Soundview, Bronx
Farkon watan Yuli

Zuwa ga Yayata Nankling,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Yaya jikin Mama, ƙafar ta sake ta kuwa? Yaya maigidanki da yara, yaya damina a Jos? Mu ma muna nan lafiya, in dai lafiyar jiki ake tambaya.

Kada ki yi mamakin ganin hoton takarda a waya maimakon muryata. Inda muke zaune yanzu ko tari na yi Baban Aminci yana ji, abin da zan faɗa miki kuwa ba na so ya ji shi daga bakina. Yaya, tsoro nake ji.

Kin san tun da aka sayar da gidan da muke haya muka koma cikin motar nan mai ɗaki da ya saya a hannun wani tsoho. Doguwa ce kamar bas, da kicin, da bayi, da gado a can baya. Aminci kaɗai ke murna, wai gidanmu yana da taya. To, yanzu an manna mana takarda a gilashi cewa mu bar layin kafin ƙarshen wata, in ba haka ba a ja motar. Fasto ya sama mana wuri a Ohio wajen wasu 'yan'uwa, akwai kuma makarantar da za ta ɗauke ni tuƙin bas ɗin yara kamar yadda nake yi a nan.

Sai dai hanyar Ohio ta kan gada take, babbar gadar da ta ƙetare kogin Hudson. Takardun zaman ƙasa na Matiyu, Baban Aminci, har yau suna kotu, lauya kuma ya ja masa kunne sosai kada wani abu ya haɗa shi da mai kaki, ko da tambayar hanya ce. Mota in ta mutu a kan gadar nan, kafin ki buɗe ƙofa an zo kanki. Motarmu kuwa zafi take yi. In ta tsaya a can aka tambayi sunansa, ina jin Aminci ta rabu da ubanta ke nan.

Ni zan tuƙa, shi ko sitiyari ba zai taɓa ba. Ran Asabar muka gwada ta, ko Hunts Point ba mu kai ba allurar zafi ta kama hanyar ja. Injin a baya yake, a ƙarƙashin gadon da muke kwana, ɗaga katifa ake yi a gan shi. Motar da injinta ke gaba iskar hanya ce ke hura mata lagireto kyauta. Wannan ba ta samun komai sai abin da fanka ta tura mata.

Mijin ƙanwarki kin san shi, bakaniken Farin Gadar Jos ne har gobe. Ya yi mata maganin gida, ya cire ɗan ƙarfen nan da suke kira tamostat, wai shi ke tsare ruwa ya hana shi zagayawa, wai motar da ya cire wa a Jos ba ta ƙirguwa. Muka sake fita, allura ta koma inda ta saba kamar ba a yi komai ba. Ya ƙura wa allurar ido har muka dawo. Kallon nasa ya fi allurar ba ni tsoro.

Ki sa mu a addu'a, amma kada ki gaya wa Mama.

Ƙanwarki,
Filomina

Soundview, Bronx
Tsakiyar watan Yuli

Yaya Nankling,

Ina gaishe ki da kyau, ina gaida Mama da dukan gida. Na ji saƙonki, na gode da azumin da kika ɗauka dominmu. Ba abin da zan ce sai Allah ya saka.

An sami ɗan sauƙi. Akwai wani dattijo ɗan Ghana, Abdul-Razak, shi ke gyaran bas a inda nake aiki. Hausar Zongo ce a bakinsa, Aminci tana ta dariyar yadda yake kirana ƙanwa amma yana ce mini kai, namiji da mace duk ɗaya ne a wajensa. Ran Lahadi bayan sujada ya zo, suka ɗaga gado shi da Matiyu, ya haska tocila ya ce in leƙa. Yaya, da kin ga abin da na gani. Fuskar lagireton ta ciki ta toshe ta yi baƙi ƙirin da mai da ƙura da ganye, kamar gindin tukunyar da aka shekara ba a kankare ba. A gefe guda har da sheƙar ɓera, ɓerayen New York kuwa ba sa neman izini. Ashe akwai wani ɗan bututu da inji ke fitar da tururin mai ta cikinsa, bakinsa yana daidai gaban fanka, ita kuma tana kwasa tana shafa wa lagireto tun zamanin tsohon da ya sayar mana.

Wuni suka yi a kai. Suka jiƙa shi da sabulun wanke maiƙo, suka bi shi da tiyo a hankali don kada haƙoransa su lanƙwashe, ruwa yana fita baƙi har bakin kwata. Suka ƙara wa bututun tsawo ya zarce bayan mota. Suka yanka robar tsohuwar taya suka toshe duk wata kafa da ke kewaye da fanka, domin iska ta daina zillewa ta gefe, ta bi ta cikin lagireto dole. Tamostat ma an mayar, bayan gardamar da ta kusa kai su magariba. Akwatin da muka ɗaure a bayan mota, wanda turmin da Mama ta aiko mini yake ciki, shi ma Abdul-Razak ya ce ya tare mafitar iska. Turmin yanzu yana cikin bayi, tare da shi muke wanka.

Abu ɗaya ya nanata mana kafin ya tafi. Fankar motar nan ba irin ta gida ba ce da ake haɗa wa waya ta yi ta juyawa tun daga tashi. Sai inji ya ɗau zafi, allura ta ɗan wuce tsakiya, sannan take kamawa da ƙarfi, ki ji kamar guguwa, allura ta sauko. Ya ce haƙuri kawai take so.

Haƙurin ne babu. Jiya na ga Matiyu ya shigo da famfon feshi, irin wanda Baba yake goyawa ya fesa wa gona magani. Wai in allura ta hau a kan gada zai ɗaga gado ya durƙusa yana fesa wa lagireto ruwa, kamar yadda yaran mota ke yi a Hawan Kibo, tudun nan na hanyar Jos. Na tuna masa cewa a Hawan Kibo a waje suke tsayawa, mota kuma a tsaye. Nan kuwa hannunsa zai kasance kusa da fanka, kansa a cikin zafi da hayaƙi, a ɗakin da tagarsa ba ta kai faranti ba. Na yi faɗa, na yi kuka. Ya yi mini alkawari ba zai buɗe ba, amma famfon bai fita daga motar ba.

Da can gada kaɗai nake tsoro, yanzu an ƙara mini gado. Ran Talata za mu tashi in Ubangiji ya yarda.

Taki har kullum,
Filomina

Manhattan, a barandar asibiti
Ran Laraba

Yayata,

Ina fata kuna lafiya, ke da Mama da yara. Kada hankalinki ya tashi da ganin inda na rubuta a sama. Yana da rai, hannuwansa biyu suna nan. Bari in ba ki labari daga farko.

Mun tashi da hantsi, rana tana dukan mota. Aminci tana kujerar gefena ɗaure da bel. Matiyu ya ce zai zauna a baya don kada a gan shi ta gilashi. Na ce to, amma ya riƙa rera waƙar sujada da ƙarfi yadda zan ji shi, domin ba na iya waiwaye. Ya yi dariya ya fara, da muryar nan tasa da ta sa aka cire shi daga ƙungiyar mawaƙa.

Tun kafin gada muka shiga cunkoso, mota tana tafiya kamar mai jan ƙafa. Allura ta taɓa tsakiya, ta wuce. Na kunna hita gaba ɗaya don ta janye wa inji zafi, gumi yana zuba mini a ido, ina ta maimaita maganar Abdul-Razak a zuciyata. Daga can bayan mota Matiyu yana hango allurar ta kan kafaɗata. Muna hawa gada na ji ƙarar inji ta cika motar, wani zafi mai warin mai ya bugo mini ƙeya. Na san ya ɗaga gadon. Na ƙwala masa kira, ya ƙara ɗaga murya da waƙa don kada ya amsa mini.

Sai fanka ta kama, guguwar nan da aka gaya mana, allura ta fara saukowa. A daidai lokacin waƙa ta tsaya.

Yaya, muna tsakiyar gada, ruwa a ƙasa, manyan motoci dama da hagu. Na kira sunansa, shiru. Aminci ta kira shi, shiru. Ƙarshen gadar yana gabana ina ganinsa. Wata guda ina roƙon Allah kada motar nan ta tsaya a wurin nan, ga shi ba ta tsaya ba, lafiyarta ƙalau. Ni na taka birki na tsayar da ita da ƙafata, na kashe inji.

Na same shi kife a bakin ramin, zafi da hayaƙi sun sumar da shi. Fanka ta fizge bakin famfon ta tauna shi, ta yage masa hannun riga har gwiwar hannu. Na ja shi ta ƙafa zuwa ƙofa ina kuka. Ban gama ba na ga fitilu a bayanmu. Mai kakin da ya shigo ya karɓi lasisina, ya kira motar asibiti, sannan ya ciro biro ya tambayi sunan majinyaci. Aminci tana tsaye tana kallon bakina. Na faɗa masa sunan gaskiya, harafi bayan harafi.

Ban san inda sunan nan zai je ba. Lauya ya ce mai yiwuwa ya tsaya a takardar asibiti, mai yiwuwa kuma ya wuce. Tun jiya duk takalmin da ya yi ƙara a barandar nan sai gabana ya faɗi. Abdul-Razak ya je ya karɓo motar inda aka ja ta, ya zaga da ita cikin rana tsaka, ya ce allura ta hau ta sauko da kanta yadda ya kamata. Ban gaya wa Matiyu ba tukuna, kunyar za ta yi masa yawa.

Da ya farfaɗo, maganarsa ta farko ita ce me ya sa na tsaya, saura kaɗan mu ƙetare. Amsar ke zan ba. Duk watan nan na ɗauka babu abin da ya kai hukuma ta ɗauke mini shi. A kan gadar nan na gane wanda aka ɗauke ana iya rubuta masa wasiƙa.

Gobe za a sallame shi, gadar kuma tana nan tana jiranmu. Na roƙi Abdul-Razak ya ɗaure gadon da noti ya tafi da sifanar zuwa gidansa. Matiyu zai zauna a gaba kusa da ni, a bayan gilashin nan mai faɗi, inda duk mai ido zai gan shi. Har yanzu tsoro nake ji. Amma in allura ta hau, zan riƙe sitiyari da hannu ɗaya, in riƙe nasa da ɗayan har fanka ta kama.

Yanzu kam ki gaya wa Mama, bakinta muke bukata.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Filomina