Ranar da Aka Gurfanar da Alƙali

Dutse, Maris 2002

Zuwa ga 'yata Zaituna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Ya Zariya, ya karatun lauya? Ciwon kan nan ya sake ki?

An tara mu alƙalan kotunan shari'a a Dutse, ana yi mana bita kan haƙƙin wanda ake tuhuma. Na sauka wajen kawunki a Limawa. Da farko raina bai so ba, da furfurata a zaunar da ni a benci kamar ɗan firamare.

Jiya malamarmu, wata lauya da ba ta girme ki sosai ba, ta ce a gwada zaman kotu, ni ne wanda ake zargi. Aka tsayar da ni, aka yi ta shari'a da Turanci. Ina jin sunana yana fitowa, ban san me ake cewa ba. Da aka tambaye ni, kunya ta sa na gyaɗa kai. Ashe laifin sata na amsa. Kowa ya yi dariya, ni ma na yi, amma na kwana ina tunanin abin.

Ki riƙa cin abinci a kan lokaci.

Mahaifinki,
Uwaisu

Gida, Yuni 2002

'Yata Zaituna,

Assalamu alaikum. Ya jarrabawa? Muna lafiya, ruwa ya sauka, innarki tana gaishe ki.

An kawo mini wani makiyayi, Bubayero, kan satar bijimi. An ce ya amsa laifi da bakinsa, kin kuwa san hukuncin sata yanzu hannu ne. Duk abin da na tambaya sai ya ce "to". Na lura Hausarsa ba ta wuce ta ciniki ba. Na ɗaga zaman, na ce sai an samo tafinta da lauya. Mai ƙara ya fusata, har a masallaci aka riƙa cewa Dutse ta lalata ni. Maganar ta yi mini zafi, ba zan ɓoye miki ba.

Da tafinta ya zo, Bubayero ya yi bayani da Fulatanci har yana kuka. Bijimin nasa ne, ya ɓace tun kaka, ya gan shi a garken wani ya kora abinsa. Shaidu suka tabbatar tsagar da ke kunnen bijimin alamar garken Bubayero ce, shi ma mai ƙara a kasuwa aka sayar masa. Na sallame shi.

Washegari tsohuwarsa ta zo kotu da ƙwaryar nono. Na ce, "Inna, alƙali ba ya karɓa." Sai ta juya ta miƙa wa mutanen da ke tsare suna jiran a kira su. Ta zauna a ƙasa har suka shanye.

Ki dage, 'yata. Ina ɗokin ranar da za ki tsaya a gabana ki yi mini gardama.

Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki mai kewarki,
Uwaisu