Sirrin mijina ne aka liƙa a shafin kasuwancina

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara. Kwana uku ke nan ban ɗora tukunya ba.

Ina zaune a Taman Melati, a Kuala Lumpur, inda mijina yake karatun digiri na uku. Nakan yi masa da dambu da miyar taushe, 'yan Najeriya su yi oda ta shafina na intanet, in ƙulla musu tapau, wato abincin tafi-da-gidanka. Ƙawata Khaulah ce ta haɗa min shafin. Lokacin da ta zo ƙasar nan, wata biyu ta yi a falona, tabarma ɗaya muke sallah. Kwanan baya muka saɓa, don na ƙi yarda mu haɗa sana'a.

Ranar Litinin da safe wata mai oda ta kira ni tana in-ina. Na buɗe shafin, hotunan abincina duk sun ɓace, sai baƙin allo da rubutu da Hausa cewa an kori mijina daga karatu tun bara muna ɓoyewa. Anti, gaskiya ne an dakatar da shi, yana ta neman a mayar da shi. Ko mahaifiyarsa ba ta sani ba. Mutum ɗaya na faɗa wa, Khaulah, ina kuka a kicin ɗina, kuma ita ce ke da kalmar sirrin shafin. Ban gaya wa mijina ba tukuna. Zuciyata cewa take in tona mata asiri a guruf ɗin matanmu.

Maman Ɗelu, Taman Melati

Maman Ɗelu, an cuce ki, babu shakka. Amma ki ajiye maganar guruf. Zargi kike da shi, ba hujja ba. Mai yiwuwa Khaulah ce, mai yiwuwa kuma wani ta ba labarin ko wayarta, wanda shi ma cin amana ne, sai dai ba iri ɗaya ba.

Yau ɗin nan ki ɗauki hoton allon, sannan ki sa kamfanin da ke riƙe da shafin ya rufe shi na ɗan lokaci, ya kuma ba ki bayanin lokacin da aka shiga da inda aka shiga. Ki canja kalmar sirrin imel ɗinki tukuna, sannan ta shafin, ki cire duk wanda ke da ikon shiga in ba ke ba. Kada ki goge rubutun kawai, masu kutse kan bar wata ƙofa a ɓoye. A dawo da kwafin shafin na kafin Litinin, a sabunta manhajojinsa, ki kunna tsarin da ke turo lamba waya kafin a shiga. Da wannan bayanin za ki iya kai ƙara wurin 'yan sanda in kin so.

Abin da ya fi gaggawa shi ne mijinki. Sirrinsa ne, kuma daga bakinki ya fita. Ki faɗa masa da kanki yau, ki ba shi haƙuri, ya kira mahaifiyarsa kafin wani ya riga shi. Allah ya mayar da shi karatunsa, ya sanyaya miki zuciya.